Amanar Ƙanƙara: Kuɗi da Hamayya a Tarihin Masu Daskarar da Matattu

A digiri 196 ƙasa da sifiri na ma'aunin Salshiyas, inda iskar naitirojin ke zama ruwa, nama ba ya ruɓewa. Sai dai wannan ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Ko da an zuba shi cikin tulun ƙarfe mai bango biyu irin na fulas ɗin shayi, a hankali yake tururi ya koma iska, dole a riƙa ƙara shi lokaci bayan lokaci, kuma kowane ƙari da kuɗinsa. Wanda ke kwance cikin tulun kuwa ba shi da aljihu, ba shi da bakin ƙorafi. A kan wannan ne aka gina harkar da ake kira kirayoniks, wato daskarar da gawar mutum jim kaɗan bayan rasuwarsa, da fatan likitocin wani zamani mai zuwa za su farfaɗo da shi su warkar da cutar da ta kashe shi.

Yawancin masu tattauna wannan batu sukan tsaya ga tambaya ɗaya: shin zai yiwu? Ni kuwa tambayar da ta fi jan hankalina ita ce: wa ke biya, kuma me ke faruwa da waɗanda ke cikin tulu idan masu riƙe da makulli suka ɓata? Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, tun daga shekarun 1960 zuwa yau, kowace dala da ta shigo wannan harka masu nemanta biyu ne, gawar da ke buƙatar sanyi da ɗakin gwajin da ke buƙatar kayan aiki. Daga wannan ja-in-ja ne aka samu yawancin rigingimun da suka cika tarihinta, da ma 'yar nasarar da ta samu.

Tushen Fata

Ruwa ba ya tsami banza, fatan nan yana da tushe. A shekarar 1949, wasu masu bincike uku a Landan, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes, suka gano cewa sinadarin gilisarol yana kare maniyyin zakara daga lalacewa idan an daskarar da shi. Matsalar daskarewa ita ce ruwan jiki yakan zama ƙanƙara mai tsini, ta matse ƙwayoyin halitta ta illata su, gishirin da ya rage kuma ya yi musu yawa. Gilisarol ya rage wannan ɓarna. A shekarun 1950 Smith da James Lovelock suka sanyaya wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera da ake kira hamsta har wani sashe na ruwan jikinsu ya daskare, suka ɗumama su, wasu suka tashi. Kuɗin hukuma ne ya ɗauki nauyin wannan aiki, kuma masu yin sa ba su yi wa kowa alkawarin tayar da matacce ba.

Wanda ya yi wannan tsalle shi ne Robert Ettinger, malamin kimiyyar lissafi da fiziya a jihar Mishigan ta Amurka. Ya buga littafinsa, The Prospect of Immortality, da kuɗin aljihunsa a 1962, sannan kamfanin Doubleday ya fitar da shi kasuwa a 1964. A shekarar 1962 ɗin dai wani mai suna Evan Cooper ya fitar da nasa littafin mai irin wannan ra'ayi, ya kuma kafa ƙungiyar farko ta masu wannan fata a birnin Washington. Ashe tun ranar haihuwa harkar ta zo da iyaye biyu. Kafin a je ko'ina wasu mutanen New York, Curtis Henderson da Saul Kent, suka ga tafiyar Cooper ta yi musu sanyi, suka kafa tasu ƙungiyar a 1965, kuma a cikinsu ne aka ƙirƙiro sunan kirayoniks. Mishigan da Kalifoniya suka biyo baya da nasu. Cooper ya janye jiki daga baya ya rungumi tuƙin jirgin ruwa, kuma a teku ya ɓace a farkon shekarun 1980.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan da ke da ɗakin gwaji na a-zo-a-gani, kuma kusan duk jagororinsu ba likitoci ba ne. Tserensu na farko shi ne wa zai riga kowa daskarar da mutum, domin wanda ya riga shi jaridu za su bi, kuma inda jaridu suka nufa can kuɗi ke nufa.

Daga Bedford Zuwa Chatsworth

Kalifoniya ce ta lashe tseren. Ranar 12 ga Janairu, 1967, James Bedford, tsohon malamin nazarin halayyar ɗan Adam mai shekara 73, ya rasu da ciwon daji, aka kuwa daskarar da shi ƙarƙashin jagorancin Robert Nelson, shugaban ƙungiyar Kalifoniya, wanda sana'arsa ta asali gyaran talabijin ce. Bedford ya bar wasiyyar dala 100,000 don bincike a wannan fanni. Wasu dangi suka ƙalubalanci wasiyyar a kotu, kuma abin da matarsa da ɗansa suka kashe wajen kare ta ya zarce dukiyar da ake rigima a kanta. Ke nan kuɗin bincike na farko a tarihin harkar nan lauyoyi ne suka ci moriyarsa.

Sa'ar Bedford ita ce iyalinsa sun karɓe gawarsa daga hannun Nelson tun da wuri, suka yi shekaru suna ɗawainiya da ita da kansu, har aka miƙa ta ga ƙungiyar Alcor a 1982, inda take har yau. Sauran ba su dace haka ba. Tsarin wancan lokaci shi ne dangi su riƙa biyan kuɗin sanyi a kai a kai. Amma zafin rashi yakan huce, aljihu yakan gaji, magada sukan sauya ra'ayi. A New York, da biya ya tsaya, sai aka riƙa mayar wa dangi gawawwakinsu suna binnewa. Nelson kuwa ya ci gaba da karɓar gawawwaki, har da waɗanda babu isasshen kuɗi a bayansu, yana ajiye su a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a maƙabartar Chatsworth da ke kusa da Los Angeles. Don rage tsada ya cusa gawa fiye da ɗaya cikin tulun da aka ƙera don mutum guda. Na'ura ta samu matsala, kuɗin naitirojin ya ƙare, shi kuma bai sanar da dangi ba. A 1979 aka buɗe ɗakin aka tarar da ragowar mutum tara sun narke sun ruɓe. Dangi suka kai ƙara, kuma a 1981 kotu ta ɗora wa Nelson da mai gidan shirya gawa da ya yi aiki da shi diyya mai nauyi. Cikin duk waɗanda aka daskarar kafin 1973, Bedford kaɗai ya rage.

Idan mai karatu ya dubi wannan musiba da kyau zai ga ilimin kimiyya bai kai ga shiga jarrabawa ba ma. Lissafin shige da fice ne ya kayar da su. An yi alkawarin ƙarni da kuɗin wata, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Gida Biyu, Farashi Biyu

Ƙungiyoyin da suka rayu sun ɗauki darasi ɗaya daga wannan: ba a karɓar gawa sai an biya kuɗinta gaba ɗaya tun da farko, galibi ta hanyar inshorar rai da mutum zai yanka da sunan ƙungiyar, a zuba wani kaso a jari, ribar jarin ta riƙa sayen naitirojin. Amma nawa ne zai isa? A nan hanya ta rabu biyu.

Fred Chamberlain da matarsa Linda sun fice daga ƙungiyar Nelson suka kafa Alcor a 1972. A 1976 suka daskarar da mahaifin Fred, kuma kansa kaɗai suka adana, bisa hujjar cewa a ƙwaƙwalwa tunani da hali suke, ga shi kuma kai ya fi gangar jiki arhar ajiya da sauƙin ɗauka. A shekarar 1976 ɗin dai Ettinger ya kafa Cibiyar Kirayoniks a Mishigan, wadda mahaifiyarsa ce ta fara shiga tulunta a 1977. Ettinger ya yanke farashin dala 28,000, ya ƙi amincewa da yanke kai, kuma cibiyar ta riƙe wannan farashi shekaru aru-aru. Alcor kuwa farashinta ya yi ta hawa, har a wani lokaci ya kai dala 200,000 ga cikakken jiki da 80,000 ga kai kaɗai, ban da kuɗin zama mamba na shekara-shekara.

Bambancin ya wuce na ciniki. Mutanen Alcor suna ganin mintunan farko bayan tsayawar zuciya su ne komai, don haka dole a biya ma'aikatan da za su tare a gefen gadon mai jinya, su fara sanyaya shi da zarar likita ya tabbatar da rasuwa. A ganinsu arha ba ta ado, ƙwaƙwalwar da ta kwana da ɗumi ta riga ta lalace. Mutanen Mishigan kuwa suna ganin ƙungiyar da ta fi ƙarancin kashe kuɗi ita za ta fi daɗewa, kuma tun da an riga an jingina da gwanintar likitocin gobe, gara a buɗe ƙofa ga mai ƙaramin ƙarfi. Abin da ya sa wannan gardama ba ta mutuwa shi ne babu alƙalin da zai raba ta. A sauran fannonin likitanci sakamako ne ke yanke hukunci, wannan ya warke, wancan bai warke ba. A nan kuwa ba wanda ya taɓa tashi, balle ya faɗi wanda ya fi iya aiki. Da aka rasa hujjar gani da ido, sai gardama ta koma kan mutunci da suna da zargin juna.

Ƙofar da Aka Rufe

Akwai kuma wata hamayyar da ta fi wannan tasiri ga bincike. Masana ilimin tasirin sanyi ga halittu, masu aikin adana jini da maniyyi da ƙwai da sassan jiki, sun kafa ƙungiyarsu tun 1964. Abincinsu tallafin gwamnati ne da na jami'o'i, kuma suna tsoron kada a haɗa su a kwando ɗaya da masu sayar da alkawarin tashi daga mutuwa. Bayan abin kunyar Chatsworth, a 1982, suka sa doka cewa za a iya hana duk mai hannu a daskarar da gawa zama mamba, ko a kore shi. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, domin suna kare sana'ar da marasa lafiya na gaske ke dogaro da ita. Amma sakamakon shi ne matashin masani da ke sha'awar batun dole ya ɓoye ra'ayinsa ko ya yi asarar makomarsa, kuma asusun gwamnati ya rufu ruf.

Sai harkar ta koma dogaro da abu biyu, gadon mambobinta da aljihun 'yan tsirarun masu hali. A ƙarshen shekarun 1970 Jerry Leaf, mai aikin bincike a sashen tiyatar ƙirji na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya sayi kayan aiki da kuɗinsa ya buɗe ɗakin gwaji. Shi da Mike Darwin, wani ƙwararren mai aikin wankin ƙoda da ya zama shugaban Alcor, suka riƙa zuƙe jinin karnuka suna maye gurbinsa da wani ruwa na musamman, su sanyaya su zuwa 'yan digiri sama da sifiri har tsawon sa'o'i huɗu, sannan su dawo da su da rai. Karnukan ba su daskare ba, amma aikin ya shigo da tsarin asibiti cikin harkar da a da ake yin ta da ka.

Babban mai ɗaukar nauyi kuwa shi ne Saul Kent, wanda shi da William Faloon suka kafa Gidauniyar Life Extension a Fulorida a 1980, suna sayar da ƙwayoyin ƙarin sinadaran abinci, suna karkatar da riba zuwa bincike. Wannan rijiya ma ba ta tsira daga guguwa ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta kai musu samame a 1987, aka gurfanar da su, ba a janye tuhumar gaba ɗaya ba sai 1996. A ƙarshen 1987 ɗin kuma aka adana kan mahaifiyar Kent, Dora, a Alcor, jami'in binciken musabbabin mutuwa na gundumar Riverside ya yi zargin an gaggauta ajalinta da magani, aka kai samame aka tafi da ma'aikata da ankwa. Kotu ta hana a narkar da kan, kuma ba a gurfanar da kowa ba. Amma a nan ma, kamar zamanin Bedford, kuɗi da lokacin da za su tafi ɗakin gwaji sun tafi kotu.

Tsagewar Bango

Leaf ya rasu a 1991, aka adana shi a Alcor. Da alama shi ne igiyar da ta ɗaure tsintsiyar, domin bayansa Darwin ya bar ƙungiyar, rikici ya ɓarke kan shugabanci da ingancin aiki da yadda ake juya dukiya. A 1993 wani rukuni na mambobi, da goyon bayan Kent, suka ɓalle suka kafa CryoCare. Tunaninsu shi ne a rarraba aiki: wani kamfani ya shirya gawa, wani ya adana ta, wani ya riƙe kuɗi, ta yadda gasa za ta tilasta wa kowa gyara aikinsa. A takarda tsari ne mai kyau. A zahiri kuwa kasuwar ba ta kai girman da za ta ciyar da kamfani ɗaya ba, balle uku. Kafin shekarar 2000 kamfanin shirya gawa ya janye, CryoCare ta daina aiki, kuma daga baya gawawwakin da ke hannunta suka koma Alcor, gidan da aka yi fushi aka bari. Ita Alcor ta ƙaura zuwa Scottsdale a jihar Arizona a 1994, kuma a 1997 ta keɓe kuɗin kula da gawawwaki cikin asusun amana mai masu kula na daban, don kada rikicin ofis ko ƙarar kotu su taɓa shi. A ganina wannan asusu yana cikin muhimman abubuwan da harkar ta ƙirƙiro, ko da yake babu sinadari ko ɗaya a cikinsa.

Abokan hamayyar sun kuma gane cewa jirgi ɗaya ya kwaso su. Da rigimar iyali ta tashi kan gawar shahararren ɗan wasan besbol Ted Williams da aka kai Alcor a 2002, hayaƙin ya kai har Mishigan, inda hukumomi suka dakatar da cibiyar Ettinger a 2003, ba ta ci gaba da karɓar gawa ba sai da ta amince a yi mata rajista a matsayin maƙabarta a 2004. A Rasha ma an maimaita tsohon labari a 2021, lokacin da rikici tsakanin shugabannin kamfanin KrioRus, Danila Medvedev da Valeriya Udalova, ya kai ga loda tulunan gawawwaki a manyan motoci, har 'yan sanda suka tare su a hanya.

Abin da Aka Girba

Zalunci ne a ce duk wannan hayaniya ba ta haifar da komai ba. A 1984 Gregory Fahy, yana aiki a ɗakin gwajin ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka, ya bayyana wata hanya ta kauce wa ƙanƙara gaba ɗaya: a cika nama da sinadaran kariya masu kauri, ta yadda idan ya yi sanyi zai sandare kamar gilashi, ba tare da tsinin ƙanƙara ba. A 1985 shi da William Rall suka gwada hanyar a kan 'ya'yan tayin ɓera, suka rayu, kuma a yau irin wannan hanya ake bi wajen adana ƙwai a asibitocin haihuwa. Daga baya Fahy ya koma kamfanin 21st Century Medicine, wanda kuɗin Kent ya kafa. A can aka sandarar da ƙodar zomo, aka ɗumama ta, aka dasa wa zomo, ya rayu da ita kaɗai kwana 48. A can kuma aka haɗa sinadarin M22 da Alcor ta fara amfani da shi a 2005. Mishigan ba ta yarda a bar ta a baya ba, ta ɗauko masani Yuri Pichugin ya haɗa mata nata mai rahusa. A wannan karon kishi ya yi rana.

Sai kuma wata sabuwar hanyar samar da kuɗi, wato gasa mai lada. Gidauniyar da Kenneth Hayworth ya kafa a 2010 ta sa kyauta ga duk wanda ya adana ƙwaƙwalwa ta yadda za a ga mahaɗan jijiyoyinta lafiya lau a madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Robert McIntyre da Fahy suka lashe ta da ƙwaƙwalwar zomo a 2016, da ta alade a 2018. Muhimmancin gasar shi ne ta samar da alƙalin da aka daɗe ana rashi. Sai dai hanyar da ta yi nasara tana amfani da sinadarin gulutaraldihaid mai ƙame nama, wanda ke kashe duk wani fatan ƙwayoyin su sake aiki. Nan take sabuwar ɓaraka ta kunno kai tsakanin masu son a tayar da jiki da masu ganin ya isa a adana taswirar ƙwaƙwalwa don a kwafe ta cikin kwamfuta wata rana. Da kamfanin McIntyre, Nectome, ya fara tallar wannan buri, jami'ar MIT ta yanke hulɗa da shi a 2018, tamkar yadda masana suka yi a 1982.

Nasarar da ta fi kowacce kusa da gadon asibiti kuwa daga waje ta zo. A 2023 masu bincike a Jami'ar Minnesota, da tallafin hukumomin gwamnatin Amurka, suka sandarar da ƙodojin ɓeraye har tsawon kwana 100, suka ɗumama su ta hanyar ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da maganaɗisu, suka dasa su, suka yi aiki. Burinsu rumbun ajiyar sassan jiki ne don masu jiran dashe.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, duk inda aka samu ci gaba na gaske, an same shi ne a wurin da aka raba kuɗin bincike da kuɗin gawa, aka kuma yi tambayar da za a iya amsa ta cikin shekara ɗaya ko biyu: ƙodar ta yi fitsari ko ba ta yi ba? Duk kuma inda aka samu musiba, an same ta ne a wurin da mutum ɗaya ya riƙe makulli da asusu da amanar dangi lokaci guda, ba mai duba shi. Hamayya ta yi amfani inda akwai ma'auni, ta yi ɓarna inda babu.

Ettinger ya rasu a 2011 yana da shekara 92, ya zama na 106 a tulunan cibiyarsa, kusa da mahaifiyarsa da matansa biyu. Kent ya bi sahu a 2023, a Alcor. Mazan da suka shafe rabin ƙarni suna gardama yanzu sun yi shiru cikin sanyi iri ɗaya, tare da wasu 'yan ɗaruruwa a Amurka da Rasha da Sin da Siwizalan. Har yau ba a farfaɗo da ko mutum ɗaya ba, kuma mafi yawan masana ba sa tsammanin za a yi. Ko da za a yi, sharaɗin farko ba ya hannun likitocin gobe. Yana hannun wasu mutane da ba a haifa ba tukuna, waɗanda za su gaji asusu da tuluna, su yi saɓani kamar yadda magabatansu suka yi, amma duk da haka su tuna da kiran motar naitirojin kafin ruwan ya ƙafe. Ƙungiyoyin da suka fi kowa daɗewa a harkar ba su wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, alkawarin da suka ɗauka kuwa ba a sa masa rana ba.